Ra'ayinmu: A Bar wa 'Yan Mata Filinsu

Wannan makon muna magana ne kan wata ɗalibar aji biyar, mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata. Ba za mu faɗi sunanta ba, domin ta roƙe mu, amma duk wanda ke bi ta bayan azuzuwa bayan an tashi ya san ta. Ita ce ke riga kowa isa fili, ita ke zana layi da toka, ita ke ɗinke ƙwallo in ta fashe.

Iyayenta na cikin waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu, kamar iyalai da dama a Sabon Birni da Isa. Ta shaida mana cewa a fili ne kawai take mantawa da sauraron ƙarar babura. Burinta biyu ne: ta buga wa Rima Queens ta Sakkwato wasa, sannan ta shiga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ta dawo gida a matsayin malamar wasanni.

Yanzu wannan buri na cikin haɗari. Saboda a koma gida da wuri, lokacin atisaye ya ragu, ɗan abin da ya rage kuma maza sun mamaye shi da ƙwallon ƙafa. Wasu iyaye sun janye 'ya'yansu, suna cewa wasa na ɓata tarbiyyar 'ya mace, yana kuma hana karatu.

Muna girmama damuwar iyayenmu, amma mu dubi wasan kansa. A ƙwallon hannu, mutum bakwai ne a kowane ɓangare. Doka ta hana ɗan wasa riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 3, ko yin taku fiye da 3 da ita a hannu ba tare da ya buga ta ƙasa ba. Mai son kai ba ya daɗewa a irin wannan wasa, dole ya miƙa wa ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai tsaron raga kuwa, ƙwallo ake jefo mata da ƙarfi daga mita 6 ko 7, ta tsaya ba ta kauce ba. In an ci ta, ba ta zagin masu tsaron baya. Takan ɗauko ƙwallon ta ce a ci gaba. Haƙuri, juriya da riƙon amana ke nan, kuma su ne tarbiyyar da ake nema mana a gida.

Batun sutura ma ba hujja ba ce. 'Yan matanmu da hijabi da dogon wando suke wasa. A 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta mata sanye da hijabi. Asisat Oshoala, wadda iyayenta suka ƙi yarda da ƙwallonta da farko, sau 6 tana zama gwarzuwar 'yar wasan Afirka. Balle mu a Gobir, ƙasar da ta san sarautar Inna tun kaka da kakanni, mace mai tsayuwa a gaban jama'a ba baƙuwa ba ce.

Don haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, hukumar makaranta ta ware wa 'yan mata ranaku biyu a mako, cikin lokacin makaranta, domin kowa ya isa gida kafin la'asar. Na biyu, a samu malama mace da za ta riƙa tsayawa tare da su, hankalin iyaye ya kwanta. Na uku, a gindaya sharaɗi: wadda ta faɗi jarrabawa ta huta da wasa har sai ta gyara.

Ku kuma 'yan'uwanmu maza, ranar da aka ware musu, ku bar musu filin ba tare da sai an kore ku ba. In kun tsaya kallo, ku tafa musu, ban da ihun raini.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta