Waiwaye: Daga Karar Illela Zuwa Cinikin Gida a Sakkwato

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasar nan na tudu, kuma Illela tana cikin garuruwan da suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin abincinta yana kan hanyar Birnin Ƙonni ne. Sai a Disambar 2020 aka buɗe ta tare da Seme da Maigatari da Mfum. Mutane ba su gama farfaɗowa ba juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo kulle, har zuwa Maris ɗin 2024.

Tsakanin kulle biyun nan ne na lura hirar matasan 'yan kasuwarmu ta sauya. Dillalin shanu da mai canjin sefa da mai safarar albasa duk sun ga cewa sanarwa ɗaya daga Abuja ta isa ta tsayar da jarinsu cik. Sai hankali ya koma kan mallakar gida a Sakkwato: ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo idan yara sun taso, ga asibitin koyarwa, ga kuɗin haya in ciniki ya ja baya. Shawara ce mai kyau. Yadda aka bi ta ne ya bar baya da ƙura.

Abin da ya fara ba wasu mamaki shi ne, irin benen nan na Abuja da Legas da ake sayar da sashe-sashe bai zama ruwan dare a Sakkwato ba. Abin da dillali zai nuna maka shi ne gida mai tsakar gida a tsohuwar unguwa, ko ɗaya daga rukunin gidajen gwamnati irin na Bado ko Kalambaina, ko kuma fili a bayan gari ya ce ka gina a hankali.

Matsalar ta fi yawa wajen takarda. Ɗan Illela ya tashi a kara, inda ake sallama sa da baki, dillali ya karɓi la'adarsa, a watse ba tare da an ɗora alƙalami kan komai ba, kuma amana ta riƙe. Gida a birni ba ya tafiya haka. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, filayen kowace jiha suna hannun gwamna ne. Abin da mutum ke saya haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma dokar ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da shi hannun wani. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu tana da daraja a matsayin shaida, amma ba ita ce takardar shaidar mallaka ba. Da yawa sun riƙe ta sun kwanta da murna, sai ranar da suka je neman rance ko sayarwa aka ce musu sunan da ke ma'aikatar filaye na wani ne daban, wataƙila ma ya daɗe da rasuwa.

Sai gidan gado, wanda shi ne ya fi araha kuma ya fi haɗari. Babban wa ya zo da dillali, ana cewa, "Alhaji, wanga gida ba ya da matsala, duk mun daidaita." Wane ne "mu"? Ƙanwar da ke aure a Tahoua ta sani? Marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan uban fa, wa ya tsaya musu? Muddin ba a raba gado ba, kowane magaji yana da haƙƙi, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya yana da damar shuf'a, wato ya biya kuɗin da ka bayar ya karɓe rabon da aka sayar maka. Gidajen gwamnati ma ba su tsira ba: wani yana sayar da takardar rabo alhali bai gama biyan bashin gidan ba.

Akwai kuma abin da rani ke ɓoyewa. Gidan da ya sha sabon fenti a watan Maris, je ka gan shi a Agusta. Mutanen unguwar Mabera sun san abin da nake nufi. Tambayi maƙwabci inda ruwan sama ke bi, da inda suke samun na sha, ka ƙyale dillali.

Batun rance ba zan daɗe a kansa ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ya ba da bashi da ruwa kashi 6, abin da ya fi dacewa da mai albashi, ga kuma maganar riba. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ya buɗe wata ƙofar, amma shi ma takarda zai fara tambaya.

Ban ga laifin waɗanda suka yi gaggawa bayan 2023 ba. A lokacin naira tana zubewa a gaban sefa, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kowa yana son ya mayar da kuɗinsa bulo kafin su narke. Amma waɗanda na ga sun zauna lafiya a gidajensu su ne waɗanda aka riƙa yi wa dariya saboda nawa.

Ɗan'uwa mai shirin sayen gidanka na farko, kafin ka ba da kafin alƙalami, ɗauki lauya ku je ma'aikatar filaye a binciki lambar filin. In gidan gado ne, nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, kuma kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu.