Wane Kifi Jarumin Naku Ya Kama?

'Yan uwa marubuta, mun gaji da karanta "masunci ya jefa ƙugiya ya kama kifi." Wane kifi? Da me? A wane wata?

A Amurka da Kanada akwai wani kifi mai haƙora da ke farautar 'yan uwansa, muskie. Da sanyi ya fara sauka, masu fatsa kan jefa masa ɗan kifin roba marar leɓe, mai ƙwayoyin ƙarfe a ciki. Yana nitsewa, ana jan sa yana karkarwa yana kacau-kacau, sai muskie ya kai masa cafka. A kan wannan tarko kaɗai suna cika shafuka.

Mu fa a Roni? Ga madatsar Muhammadu Ayuba a Kazaure nan kusa, amma yawancinmu ba mu bambance birgi da kalli ba, balle mamari, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi tsirara. Tarwaɗa da shinshina take samo tana cikin dare, giwan ruwa kuwa kifi mai motsi yake bi. Duk da haka sai mu sa jarumi ya fizgo giwan ruwa da gayan tuwo a kududdufi, in an yi magana mu ce ai ƙagaggen labari ne. Ɗan masunci na shafi na uku zai ajiye littafin.