A Ceto Kundayen Arewacin Zamfara Kafin Wuta Ta Riga Mu

Duk ɗalibin Shinkafi da ke son rubuta tarihin garinsu, sai ya ɗauki jaka ya nufi Zariya ko Kaduna ko Sakkwato. A can takardun suke: a Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka fara shirin binciken tarihin Arewa a 1964, da Gidan Arewa, da Cibiyar Waziri Junaidu. Muna jinjina wa waɗannan wurare. Amma jihar da aka ƙirƙiro tun 1996, mai jami'ar tarayya a Gusau tun 2013, bai dace a ce har yau tana aron tarihinta ba.

Yankin kuwa ba ƙaramin tarihi gare shi ba. A Dutsi, cikin ƙasar Zurmi, masarautar Zamfara ta fara kafa gindinta. Ƙauran Namoda na ɗauke da sunan Muhammadu Namoda, jarumin jihadi, kuma nan layin dogo ya tsaya a 1929, ya ɗebi gyaɗa da auduga shekara da shekaru.

Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ba ya cikin kowane ɗakin karatu. Shiga zauren wani tsohon malami a Shinkafi, a buɗe maka adaka, ka ga gafaka ta sha hannu har fatar ta yi baƙi. A ciki akwai littafin fiƙihu da kakansa ya kwafa, gefen shafi cike da fassarar ajami, ga wasiƙar wani hakimi, ga rasiɗin jangali an soke a tsakiya. Da, gara da ɗigar damina ne abokan gabar waɗannan takardu. Yanzu 'yan bindiga sun shigo. Wanda aka tasa da tsakar dare, goyo zai ɗauka, ba gafaka ba, kuma ba mai ganin laifinsa.

Don haka muke kira ga Jami'ar Tarayya ta Gusau ta ware sashe a ɗakin karatunta domin kundayen yankin, ta haɗa hannu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura da fadojin sarakunan Shinkafi da Zurmi da Ƙaura. Kada a karɓe wa kowa gadonsa: a ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta sunan gidan, a mayar wa mai shi kayansa. A kuma naɗi muryoyin dattawa da makaɗan fada, musamman waɗanda gudun hijira ya watsa.

Gwamnatin jiha ta sa kuɗin aikin a kasafin baɗi.