Gwauruwa Ba Kayan Gado Ba Ce

A ƙauyukan da ke kewaye da Garwa, Kaele da Yagwa, da zarar an binne magidanci sai 'yan'uwansa su zauna rabon abin da ya bari: gonar auduga, rumbun dawa, shanu, har da matar. Al'ada ce daɗaɗɗiya a wurin Tupuri, Mundang da Masa. Abin baƙin ciki shi ne, tun 1920 da 'yan mishan na Lutheran Brethren suka sauka a Garwa ake wa'azin bishara, amma har wa yau akwai masu baftisma da ke gadon matan 'yan'uwansu. In dattawan ikilisiya suka tsawata musu, sai su buɗe Maimaitawar Shari'a sura 25, su ce ai Musa ne ya umarta.

To, me Musa ya umarta? Ya kafa sharaɗi: sai in mamacin bai bar ɗa ba. Ya kuma faɗi dalili: ɗan farin da za a haifa zai ɗauki sunan mamacin, don kada sunansa ya ɓace a Isra'ila. In babu wannan sharaɗi, Littafin Firistoci 18:16 ya haramta matar ɗan'uwa. Saboda haka wanda ya ɗauki gwauruwa mai 'ya'ya biyar yana kiran sunan Musa, Musa kansa ne zai fara ba shi laifi.

Yahudawa, waɗanda aka ba Attaura, sun fi kowa yin nazarin wannan doka. Malamansu sun yanke cewa ko 'ya mace ko jika mamaci ya bari, ba zancen wannan aure. Wani malami mai suna Abba Shawulu ya koyar cewa wanda ya auri matar ɗan'uwansa don kyanta ko don wata sha'awa, kamar ya taɓa haramtacciya ne. Da malamai suka ga zukatan mutane sun karkata, sai suka fifita hanya ta biyu da Musa ya buɗe, wato matar ta tuɓe wa mutumin takalmi a gaban dattawa, ta tafi ta auri wanda take so. A 1950 manyan malaman Yahudawa na ƙasar Isra'ila suka hana wannan aure, suka bar tuɓe takalmi kaɗai.

Batun dukiya fa? Littafin Ƙidaya sura 27 ya nuna yadda 'ya'ya mata na Zelofehad suka karɓi gadon ubansu, aka sa su gaba da baffanninsu. Mishna kuma, littafin shari'ar Yahudawa da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, ta hukunta cewa gwauruwa za ta zauna a gidan mijinta, a ciyar da ita daga dukiyarsa, magada ba su da ikon korarta zuwa gidan ubanta. Ina wannan, ina ƙanin miji da ke cewa ko ta yarda da shi ko ta kwashe tukwanenta?

Haka suka bi da dokar Asabar. Sun lasafta ayyuka iri 39 da ba a yi a ranar hutu, duk da haka suka ce in gini ya rufta wa mutum ran Asabar, dole a tono shi, gama rai ya fi hutu. Ubangiji Yesu ya koyar da wannan a Markus sura 2: amfanin ɗan adam shi ne dalilin kafa Asabar. Dokar auren matar ɗan'uwa ma an kafa ta don a rufa wa marar gata asiri. Wanda ya mai da ita hanyar cin gonar marayu ya juya ta a baibai.

Ko a wajen ikilisiya ba shi da mafaka. Dokar Kamaru ta 29 ga Yuni 1981 ta bayyana cewa magadan miji ba su da iko a kan gwauruwa, ko 'yancinta, ko rabonta na dukiya, tana kuma iya sake aure bayan kwana 180 ba tare da wani ya nemi a mayar masa da sadaki ba. Maƙwabta Musulmi kuma suna da aya ta 19 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana gadon mata bisa tilas. Abin kunya ne masu bin Almasihu su zama na baya.

Manzo Bulus ya gama magana a 1 Korantiyawa 7:39: matar da mijinta ya rasu tana da 'yanci ta auri wanda ta ga dama, muddin mai bi ne. Saboda haka bai isa dattawa su yi addu'a a bakin kabari su watse ba. Su zauna wurin rabon gado, su tambayi gwauruwa ra'ayinta ita kaɗai, a rubuta gona da shanu da sunan marayu. Magidanta su yi takardar aure a ofishin magajin gari, su bar wasiyya tun suna da rai. Wanda ya tilasta wa matar ɗan'uwansa kuwa, a sa shi a horo, a hana shi Jibin Ubangiji har sai ya tuba ya mayar da abin da ya ci.