Sharhi: Makero a Jikin Maruƙa

Sharhinmu na yau zai leƙa dangwali, inda ake ɗaure maruƙa wuya da wuya, don a nan makero ya fi samun gindin zama. Sai ka ga gashi ya zube a kewayen ido ko gindin kunne, wurin ya yi zagaye kamar an ɗora kwabo, da ɓawo toka-toka a kai. Ƙwayar fangas ce ke kawo shi, wadda masana ke kira Trichophyton verrucosum, kuma takan yi watanni da ranta a jikin igiya da turke.

Man shafawa irin su clotrimazole da miconazole yana kashe ta, haka ma aidin. To me ya sa makiyayi zai ce ya shafa bai ga komai ba? Galibi a kan ɓawon ya shafa, ƙwayar kuwa tana ƙarƙashi, cikin gashi da fata. Sai an jiƙa wurin da ruwan sabulu, a kankare ɓawon a hankali kada a fitar da jini, a bari ya bushe, sannan a murza man har ya ɗan zarce gefen zagayen. Kullum za a yi, na makonni, ba kwana biyu a jefar da kwalba ba. Abin da aka kankare a ƙone shi, a wanke igiya a shanya ta a rana. Mai shafawar kuma ya sa safar hannu, ko da leda ce, domin makeron shanu yana kama mutum, musamman yaran da ke wuni da maruƙa.

Baƙin man inji da wasu ke labta wa dabba, Allah ya sawwaƙe. Lasarsa take yi, guba ce ta shiga ciki.

Babban kuskuren dai shi ne ɗaukar kirci a matsayin makero. Kirci bakteriya ce, tana tashi da damina, tana tafiya da kaska. Yakan bi gadon baya, gashi ya dunƙule da ɓawo mai kauri, in ka ɓamɓare ka ga ja a ƙasa. Ko katan guda na maganin makero ka ƙarar a kansa, asarar kuɗi ce. Wannan aikin malamin dabbobi ne: allurar oxytetracycline da maganin kaska, kuma shi zai faɗi kwanakin da za a dakata da shan nonon saniyar da aka yi wa allurar.