"Masha Allah" Kaɗai Ba Ya Gyara Gem

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Matashi zai kwana biyu bai runtsa ba a gasar ƙirƙirar gem irin Global Game Jam, da ake yi duk Janairu tun 2009, ya haɗa ɗan wasan jona kebul: HDMI a raminsa, USB a nasa. Yana sakin link, sai mu cika shi da "Masha Allah" ko "shirme ne". Duka biyun ba sa gyara komai.

Kai da ke Illo ko Lolo, inda network ke ɗaukewa har waya ta kamo na Benin, kana ganin abin da shi ba zai gani a laptop ɗinsa ba. Faɗa masa: itel ce ko Tecno? MB nawa ya ci? A ina ka maƙale? Ramukan sun yi wa yatsa ƙanƙanta? Jan kebul da kore suna rarrabuwa cikin rana?

Wai gyara na karya gwiwa? Ina! Yabo babu bayani ne ke barin yaro yana maimaita kuskure. Yi masa addu'a, amma ka haɗa da gyara.