Da Me Za Mu Girmama Shugaban Jami'a In Ya Sauka?

Al'ada ce a ƙasarmu, in shugaban wata babbar makaranta ya cika wa'adinsa ya sauka, a tara jama'a, a yanka raguna, a ba shi riga da takardar yabo, maroƙa su yi ta kirari har la'asar sakaliya. Ba mu ƙi wannan ba, gama Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Amma abin da mu ke so jama'a su duba shi ne, kashegari in an kwashe kujeru an share fili, me ya rage? A ganinmu girmamawar da ta ƙare ran walima ba ta biya hakkin mutumin da ya ba da ƙarfinsa ga ilmin 'ya'yanmu ba. Za mu kawo misali da mutum guda, sa'an nan mu faɗi abin da ya kamata mutanen Illela da maƙwabtansu su yi.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Sakkwato cikin shekarar 1975, aka ba Farfesa Shehu Ahmad Sa'id Galadanci riƙonta na fari. Da aka fara karatu cikin watan Oktoba na 1977, ɗalibai 93 ne da malamai 33 kurum. Bayansa Farfesa Mahdi Adamu ya riƙe ta, watau masanin tarihin nan da ya bi sawun fatake da malaman Hausawa har cikin ƙasashen Afirka ta Yamma. Cikin 1988 aka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Daga wannan ɗan tsiro ne aka sami itaciyar da dubban 'ya'yan Sakkwato da Kabi da Zamfara su ka sha inuwarta.

To, daga cikin waɗanda su ka riƙe jami'ar nan, mu dubi Farfesa Tijjani Muhammad Bande. An haife shi cikin 1957 a Zagga, wadda a zamanin nan ta ke cikin Lardin Sakkwato, yanzu kuwa cikin jihar Kabi. Ya sami digirinsa na fari kan ilmin siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1979, na biyu a Jami'ar Bostan ta Amurka cikin 1981, na dakta kuwa a Jami'ar Toronto ta Kanada cikin 1987. Ya kama aiki a Jami'ar Sakkwato cikin 1980 yana ƙaramin malami, ya yi ta hawa daki-daki har ya zama farfesa cikin 1998. Daga 2000 zuwa 2004 ya shugabanci cibiyar horon ma'aikatan mulki ta ƙasashen Afirka da ke Tanja a ƙasar Maroko. Daga can ya komo gida ya zama Shugaban Jami'a, daga 2004 zuwa 2009.

Abu uku mu ka gani abin koyi a nan. Na fari, bai faɗo daga sama ba, ya sha ƙurar alli a aji tukuna, ya san abin da ke damun ƙaramin malami don ya taɓa zama shi. Na biyu, ya ga Amurka ya ga Kanada ya ga Maroko, amma kowace tafiya sai ya komo inda ya fara. Ilmin da aka tafi da shi ba a komo ba, kamar rijiya ce da aka haƙa a gonar wani. Na uku, da shekarunsa biyar su ka cika sai ya miƙa ragama ga Farfesa Riskuwa Arabu Shehu. Doka ce ta yanke wa shugabannin jami'o'in Tarayya wa'adi guda na shekara biyar, kuma doka ce mai kyau, gama ita ke koya wa samari cewa kujera aro ce, mai ita kuwa jama'a.

Kada wani ya zaci riƙon jami'a aiki ne na zama a ofis ana sa hannu. Shugaba yana tsakanin hukumar gudanarwa da majalisar malamai da ƙungiyoyin ma'aikata da ɗalibai, kowa da bukatarsa, kuɗin kuwa kullum ba su isa. In ya matsa a ce ya yi tsanani, in ya sassauta a ce ba shi da riƙo. Wanda ya fita daga wannan da mutuncinsa, lalle a kan sake nemansa. Haka kuwa aka yi. Daga 2010 zuwa 2016 Farfesa Bande ya shugabanci cibiyar nazarin manufofin ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, daga baya ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin watan Satumba na 2019 ya hau kujerar shugabancin Babban Taron Majalisar na 74, mai ƙasashe 193. Shi ne ɗan Nijeriya na biyu da ya riƙe ta, bayan Janar Joseph Garba cikin 1989. Ingantaccen ilmi kuwa yana cikin manyan abubuwan da ya sa gaba.

Yanzu ina ruwan Illela da wannan? Illela tana kamar mil 50 arewa da Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni, kasuwarta kuwa ta yi suna wajen dabbobi da hatsi. Yaro ya kan ga tsaransa ya samu 'yan kuɗi da dako ko ɗaukar kaya a babur tsakanin garuruwan biyu, sai ya ga zaman aji ɓata lokaci ne, uba kuma ya yi shiru don ana kawo cefane. Amma ku tuna, cikin watan Agusta na 2019 Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba ta 2020. Aka sake rufe ta cikin 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Watau a daidai lokacin da motoci ke jere a bakin iyaka ba shiga ba fita, ɗan ƙauyen tsohon Lardinmu yana jagorantar taron ƙasashen duniya. Sana'ar da ta dogara ga ƙofa, ran da aka kulle ƙofa ta tsaya. Ilmi kuwa ba a tare shi a shinge.

Wani zai ce, ai an biya shi albashi, me kuma za a ƙara masa? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ƙara masa kome ba. Mu ne mabukata. Wani kuma zai ce ba kowane yaro zai zama farfesa ba, kasuwa ma tana son mutane. Wannan ma gaskiya ne, amma falken da ya iya lissafi da karanta takardar kwastan ya fi wanda sai an karanta masa.

Saboda haka ga shawararmu. Ƙaramar Hukumar Illela da attajiran gari da dillalan kara su haɗa kai su kafa asusu da sunan shugabannin da su ka riƙe jami'ar nan su ka sauka lafiya. Kowace shekara a zaɓi yara maza da mata daga ƙauyukan bakin iyaka, bisa ga jarrabawa, ba bisa ga ɗan wane ba, a aika da su kwalejin horon malamai ko jami'a, da sharaɗin in sun gama su komo su koyar a makarantun ƙauyensu na wasu shekaru. Mun sa malamai gaba don ba farfesan da bai bi ta hannun malamin firamare ba, ginin da ba shi da tushe kuwa damina guda ta ishe shi. A riƙa karanta lissafin asusun a bainar jama'a, don kowa ya san inda kwabonsa ya shiga.

Kuɗin sa guda daga kowane babban dillali a shekara ya isa a fara. Riga ta kan tsufa, kirari ya kan bi iska, amma malamin da aka horar da sunan mutum zai yi shekara talatin yana koyar da yara. Allah ya saka wa waɗanda su ka yi mana hidima da alheri, ya ba na baya ikon yin koyi da su, amin.